Tsoro Na Daji: Tsakanin Hattara da Mugun Zato

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu karɓuwa a wurin matasanmu, musamman ɗaliban jami'o'i da ma'aikatan birane, wato fita tattaki cikin daji ko hawan duwatsu, ba don fatauci ko farauta ko ziyarar dangi ba, sai don motsa jini da kashe kwarkwatar ido kurum. Ranar Asabar da sassafe akan ga ayarinsu a gindin duwatsun da suka kewaye Abuja, kowa da 'yar jakarsa a goye da gorar ruwa a hannu. Waɗanda suke karatu a Kudu sukan nufi Idanre ta Jihar Ondo, inda sai mutum ya taka matakala fiye da 600 kafin ya isa tsohon garin da yake bisa dutse, ko kuwa su je mafaɗar ruwa ta Erin-Ijesha a Jihar Osun. Na Jos suna da duwatsun Shere. Masu ƙarfin zuciya kuwa burinsu shi ne Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, dutsen da tsayinsa ya kai mita 2,419, wanda babu na biyunsa a Nijeriya.

To, amma duk lokacin da aka zauna shirya irin wannan tafiya, kafin a yi zancen guzuri ko kuɗin mota, sai wani ya jefa tambayar da kowa yake riƙe da ita a ciki: “Hanyar akwai lafiya?” Babu wanda yake nufin maciji ko kura ko santsin dutse. Mutane ake nufi. Wannan tsoro na ɗan'adam a inda babu mai jin kururuwa shi muke son mu ɗan yi tsokaci a kansa, mu duba ko yana bisa hankali, sa'an nan mu duba abin da ya fi wannan nauyi, wato iyakar abin da ya halatta mai jin tsoro ya aikata saboda tsoronsa.

Bahaushe dai bai taɓa ɗaukar tsoron daji abin gori ba. Shi ne ma ya ce, tsoro na daji, kunya na gida. Idan muka lura da kyau, karin maganar nan ta jera abubuwa biyu ne da suke yin aiki iri ɗaya a wurare daban-daban. A gida, abin da yake hana mutum cutar ɗan'uwansa shi ne idon jama'a: an san shi, an san ubansa, gobe zai haɗu da wanda ya zalunta a masallaci ko a bakin kasuwa. A daji duk wannan ya kau. Wanda ka gamu da shi bai san ka ba, ba ka san shi ba, kuma idan kun rabu ba lalle ku sake gamuwa ba har abada. Inda kunya ta ajiye aiki, nan tsoro yake ɗauka. Saboda haka wanda ya ce shi ba ya jin komai idan ya hango mutum uku sun ɓullo daga kurmi, ko dai cika baki yake yi, ko kuwa bai san inda yake ba.

Akwai masu kwantar wa matafiya hankali da lissafi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Misalin da suka fi kawowa shi ne na wata doguwar hanyar ƙafa da ke Amurka, wadda ta bi ta kan duwatsun Apalaciya. An kammala ta a 1937, tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, kuma an ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 suke taka wani sashe nata a kowace shekara. Daga 1974, lokacin da aka fara samun labarin kisan kai a kanta, zuwa yau, waɗanda aka kashe ba su kai 20 ba. Ke nan mutumin da yake kwance a bukkar matafiya a tsakiyar wannan daji ya fi na cikin manyan biranen ƙasar zama lafiya. Duk da haka, kowane kisa ɗaya yakan girgiza ƙasar, a yi ta maganarsa shekara da shekaru.

Ko a nan gida lissafin yana da abin faɗa. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna fiye da mutum 5,000 ne suka rasu a haɗarin mota a 2023, haka kuma a 2024. Ɗalibin da ya shiga motar haya daga Ibadan zuwa Idanre, mai yiwuwa ya riga ya tsallake mafi haɗarin zangon tafiyarsa tun kafin ya ɗora ƙafa a kan matakalar farko. Amma a cikin motar barci yake yi, sai ya sauka ne yake fara waige-waige. Masu lissafi suna kiran wannan rashin tunani. Mu kuwa muna ganin akwai tunani a ciki, sai dai ba irin nasu ba. Taya idan ta fashe ba ta nufe ka da sharri ba. Wanda ya tsare ka da bindiga kuwa ya dube ka, ya ga mutum ne kamarsa, ya kuma zaɓi ya mai da kai haja. Wanda ya tsira daga haɗarin mota yakan warke ya koma shiga mota. Wanda ya fito daga hannun masu garkuwa yakan daɗe bai sake yarda da sallamar baƙo ba. Abin da aka karya masa ya wuce ƙashi, domin an taɓa amanar da zaman duniya ya doru a kanta.

Bugu da ƙari, ba daidai ba ne a ɗauko lissafin Amurka a shimfiɗa shi a kan dazukanmu. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, da na Tafkin Kainji, an keɓe su ne don namun daji da masu yawon buɗe ido, amma 'yan bindiga sun mai da sassansu mafaka. A watan Afrilu na 2019 an kai hari a wurin shaƙatawar nan na Kajuru a Jihar Kaduna, aka kashe mutum 2, aka yi awon gaba da wasu. Uwar da ta hana ɗanta bin abokansa cikin irin waɗannan wurare ba ta bukatar wani ya karanta mata alƙaluma. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara. A nan tsoro ya yi daidai da abin tsoron, kuma ba mu da ja a kansa.

Inda muke da magana shi ne matakin da yake biye. Wani masanin falsafa na Ingila, Thomas Hobbes, wanda ya rayu a zamanin yaƙin basasar ƙasarsa, ya kafa hujja da matafiyi a littafinsa Leviathan na 1651. Ya nuna cewa duk mai musun mugun halin ɗan'adam ya dubi kansa: idan zai yi tafiya yakan ɗauki makami ya nemi abokan rakiya, idan zai kwanta yakan kulle ƙofa, kuma a ganinsa waɗannan ayyuka tuhuma ce ga sauran mutane ko da baki bai furta ba. Hujjar tana da kaifi, amma muna ganin ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Wanda ya kulle ƙofarsa bai ce maƙwabcinsa ɓarawo ne ba. Cewa ya yi akwai ɓarayi a duniya, kuma bai san fuskarsu ba. Maƙwabcin bai yi asarar komai ba. Mai ƙofar ne ya sayi kwaɗo da kuɗinsa, shi ne kuma zai sha wahalar neman mabuɗi cikin duhu. Wannan ita ce hattara. Da a ce ya fita ya tara jama'a a kan maƙwabcin don ya ga take-takensa ba su yi masa ba, to ya tashi daga hattara ya koma mugun zato, kuma a nan wani ne yake ɗaukar asarar tsoron da ba shi ya ji ba.

Ma'aunin da muke ba da shawara ke nan, kuma ba ya bukatar zurfin ilmi: duk abin da tsoro ya sa matafiyi zai yi, ya tambayi kansa, a kan wa nauyin zai faɗa? Idan ya fasa tafiyar, ko ya sake hanya, ko ya jira a taru da yawa, ko ya biya ɗan gari ya yi masa jagora, ko ya sanar da na gida inda ya nufa da lokacin da za a sa ran dawowarsa, ko ya juyo tun rana ba ta yi sanyi ba alhali saura kaɗan ya kai ƙololuwa, duk shi ne ya biya, da kuɗinsa ko da lokacinsa ko da jin daɗinsa. Yana da iko ya biya ko nawa ne, ba kuma sai ya kawo wa kowa hujja ba. Budurwar da wani ya tare ta a kan hanya da fara'a yana tambayar inda za su kwana, ta ƙi gaya masa, ba ta zalunce shi ba ko da waliyyi ne. Iyakar abin da ya rasa shi ne labarin da ba hakkinsa ba. Amma da zarar matafiyi ya ɗauki hoton wani makiyayi da ya gani a gindin dutse ya watsa a waya da sunan ga mai garkuwa, ko ya sauko gari ya ce ya ga “wasu irin mutane” a sama, to ya ɗora wa bawan Allah kayan da zai iya zama ajalinsa. A nan hujja ta zama wajibi, kuma faɗuwar gaba ba hujja ba ce.

Kakanninmu fatake sun san wannan bambanci a aikace, ko da ba su rubuta shi ba. Ayarin da yake tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga, ta cikin ƙasashen da suka yi suna da 'yan fashi, irin su Borgu. Tsoro bai zaunar da su a gida ba, bai kuma sa sun far wa duk wanda suka gani ba. Tsari suka yi masa. Akwai madugu mai shugabancin ayari da yin magana da sarakunan hanya, akwai jagaba da yake wucewa gaba ya dubo, ana biyan kuɗin fito da na wucewa, ana sauka a zango inda mai masauki yake tsaya wa baƙonsa. Ba muna cewa zamanin na adalci ba ne, domin da yawa daga masu ɗaukar kayan ayarin bayi ne, kuma duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga yadda aka sace yaro, uwarsa ta bazama nemansa ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Abin da muke nunawa shi ne, cikin wannan hali na rashin tabbas aka gina al'adar da take mai da baƙo sananne: a kai shi wurin wani, wani ya karɓe shi, wani ya amsa sunansa. Unguwannin Sabo da zango-zango da Hausawa suke zaune a cikinsu a ƙasar Yarbawa da Gana, har da Sabon Ibadan da aka kafa a 1916, 'ya'yan wannan al'ada ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da mai tattaki ya fi mantawa, wato shi ma abin tsoro ne. Dajin da ya ɗauka wurin hutu, gonar wani ce, makiyayar wani ce, hanyar rafin wata ce. Shi idan ya ji labari maras daɗi sai ya fasa, ya tafi kallon ƙwallo. Matar da take shiga itace ba ta da wannan zaɓi, haka manomin da aka sace ƙaninsa bara. A idon waɗannan, samari takwas da ba a san su ba, da jakunkuna a baya, suna nuna wurare da yatsa suna ɗaukar hoto, ba su yi kama da masu shan iska ba. Sun fi kama da masu leƙen asiri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka ratsewa zuwa gidan mai unguwa ko baale kafin a hau dutse, da yin sallama da ƙarfi tun daga nesa, da ɗaukar yaron gari a matsayin jagora, ba dabarun kare kai kaɗai ba ne. Hakki ne na mutanen wurin, tun da kai ne ka shigo musu da dalilin fargaba.

Mu da karatu ko aiki ya raba mu da gida mun san ɗacin zama a wancan gefe na zato. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tsayar da wata babbar mota da take ɗauke da mafarauta 'yan Arewa, waɗanda suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16, aka cinna wa gawarwakinsu da motar wuta. Ba za mu ce mutanen yankin ba su da dalilin tsoro ba, gama sace-sacen mutane a dazukansu da gonakinsu abu ne da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Tsoron na gaskiya ne, amma waɗanda suka biya shi da rayukansu ba su ne suka jawo shi ba. Kada kuma wani ya ɗauka ciwon na wata ƙabila ne. A watan Oktoba na 2012 ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal aka yi wa irin wannan kisa a Aluu bisa zargin sata, kuma a Zamfara 'yan sa-kai sun sha kashe Fulani a kasuwanni ba tare da an kai su gaban alƙali ba, abin da ya ƙara wa wutar yankin mai. Idan muna kuka da wanda ya ga hula da carbi ya ce ɗan ta'adda, sai mu binciki abin da yake zuwa mana a rai idan muka hango sanda da malafa a bakin daji.

Zato yakan kuskure ko a hannun waɗanda suke da kayan bincike da isasshen lokaci. A 1996 an kashe wasu mata 2 a zangonsu cikin gandun Shenandoah, kusa da waccan hanya ta Apalaciya. A 2002 hukuma ta gurfanar da wani mutum wanda dama yana ɗaure saboda yunƙurin sace wata mata a gandun, kowa ya ce ai shi ne. A 2004 aka janye tuhumar domin shaidar ƙwayoyin halitta ba ta dace da shi ba, sai a 2024 hukumar FBI ta bayyana cewa wani ne daban, wanda ya riga ya mutu a kurkuku tun 2018. Shekara 28 ke nan kafin a gane. Taron da ya yanke hukunci a bakin titi cikin sa'a guda, da me ya dogara?

Akwai wuri ɗaya da ma'aunin namu yake yin rawa, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. A ce ayarin ɗalibai yana saukowa daga dutse da la'asar, sai ga mutum kwance a gefen turba yana nishi, yana roƙon a taimake shi. Kowa ya ji labarin yadda ake ɗana tarko da irin wannan. Idan suka wuce, sun yi hattara; amma a wannan karon hattarar ba a aljihunsu ta tsaya ba, domin idan ciwon gaskiya ne, shi ne zai kwana a daji da karyayyar ƙafa. Idan kuma suka tsaya, shugaban tafiyar ya jefa rayukan da aka ba shi amana cikin abin da bai sani ba. Ba mu yarda da mai cewa dole a tsaya ko ta halin ƙaƙa ba, don sadaukar da rai kyauta ce da mutum yake yi da nasa, ba da na 'ya'yan mutane ba. Haka nan ba mu yarda da mai cewa a wuce a manta ba. Tsoro yana iya hana ka matsawa kusa, amma ba ya sauke maka nauyin mutumin. Ana iya yi masa magana daga nesa, a ajiye masa ruwa inda zai iya kaiwa, a lura da wurin sosai, a sauka da hanzari a gaya wa mutanen gari, sa'an nan a tsaya har sai an ga sun tashi da fitila da masu ɗauka, ko da hakan zai sa motar komawa makaranta ta tafi ta bar ayarin a ƙauyen ya kwana.